Neman shawara: uwar da ke cikin labarina ta ƙi zama daidai

Ummu Aisha, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta labarin da ya faru a Katsina gab da zuwan Turawa a 1903. Tauraruwar yarinya ce da aka kamo daga ƙasar Gwari, wani attajiri ya saye ta ya sa ta ɗaka, ta haifa masa ɗa namiji. Na karanta Beloved na Toni Morrison, inda uwa ta yanka ɗiyarta don kada a mayar da ita bauta, abin ya tsaya mini a rai har na so tawa ma ta aikata haka. Amma duk yadda na juya babin sai in ji bai zauna ba. Ta kashe ɗan, ko ta gudu da shi, ko ta haƙura? Ku taimaka mini.

Malamin Adabi, Daura: Wa alaikumus salam ƙanwata. Dole babin ya ƙi zama, domin kin ɗora wa baiwar Katsina ciwon baiwar Amurka. Morrison ta gina littafinta na 1987 a kan Margaret Garner, wadda ta tsere daga Kentucky a 1856. A can, tun dokar Virginia ta 1662, ɗa matsayin uwarsa yake bi, ko da ubangidan ne ya yi cikin, kuma yana iya kai shi kasuwa. A nan kuwa fiƙihun Malikiyya ake bi. Buɗe Risala ki duba hukuncin ummul waladi: sa-ɗakar da ta haihu da ubangidanta ɗanta ɗa ne ba bawa ba, zai ci gado, ita kuma ba a sayar da ita, ranar da maigidan ya rasu ta 'yantu. To da wane dalili za ta kashe yaron da ba bauta ce ke jiransa ba?

Hajiya Inna: Gaskiyar Malam ce, amma kada ki ɗauka hutu ta samu, ɗiyata. Ki dube ta ranar suna. An yanka rago, mata sun cika tsakar gida, uwargida ce zaune kan tabarma ana yi mata barka, ita mai jegon tana ƙuryar ɗaki, ba uwa ba inna, babu wanda zai zo daga garinsu ya yi mata wankan jego. Ranar yaye uwargida ta ɗauke yaron. Ya tashi yana ce wa waccan Inna, ita kuma yana kiranta da sunan da aka laƙa mata ranar da aka saye ta. Waƙar reno da ta sani da yarensu take, in ta rera a yi mata dariya. Ga kunyar ɗan fari a kai, ko sunansa ba za ta kama ba. Ɗanta ya fi ta daraja a gidan da ta haife shi, kuma ita ce ta fi kowa so ya fi ta ɗin. Wallahi wannan ya isa littafi guda.

Abu Fatima: Ni dai ina tsoron a wanke abin ya fito fes. Ba kowace baiwa aka sa ɗaka ba. Wadda aka aurar wa bawa a rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, 'ya'yanta cucanawa ne, bayin da aka haifa cikin bauta, dukiyar mai rinjin. Ki sa irin wannan a gefen tauraruwarki, su haihu wata ɗaya, mai karatu ya ga inda yaran biyu suka ƙare. Kuma hukuncin littafi daban, abin da mai ƙarfi ke yi a gidansa daban.

Malamin Adabi, Daura: Haka ne. Ki kuma koma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934. Uwar Umar ta fita neman ɗanta, ita ma aka sayar da ita, ta ƙetare Sahara, ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu. Littafin ya girmama ta ƙwarai, sai dai son ɗa kaɗai muka sani game da ita. Taki ki ba ta fushi, ki ba ta kishi da dabara. Uwargidar ma kada ki mai da ita mayya: wataƙila juya ce, kuma son yaron take tsakani da Allah.

Hajiya Inna: Abu ɗaya: kada ki kama sunan gidan kowa na gaske. Har gobe ana fasa aure a garin nan saboda gorin asali.

Ummu Aisha, Ƙofar Marusa: Allah Ya saka da alheri, na cire babin kisan. Malam, saura tambaya ɗaya: ɗan waccan ta rinji, in na kai haihuwarsa bayan zuwan Turawa, bawa ne?

Malamin Adabi, Daura: A takardar dokar Lugga (Lugard), shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Uwarsa kuwa tana nan a baiwa sai in an fanshe ta ko an 'yanta ta, domin sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Sai ki tambayi kanki wa zai kai mata wannan labari a rinji, kuma in ta ji, gaban wane alƙali za ta iya tsayawa.