Yaya za mu tafiyar da zaman masu ciwon ɗaukewar magana?

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema.

Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, magana kuma ta ɗauke. Likita ya ce afesiya ce, ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take. Hankalinsa lafiya lau, yana gane kowa, kalmar ce take maƙale masa. Fatiha yana karanta ta tiryan-tiryan, amma ya ce "ruwa" sai abin ya gagara.

A wajen gashin ƙashi muka haɗu da wasu iyalai masu irin wannan jarrabawa, muka fara zama duk Asabar a wani gida a Tudun Wada. To ga inda muka cije: mu masu jinya ne muke ta magana, su kuma sun yi jugum. Da Baba ya fara laluben kalma sai wani ya ƙarasa masa, shi kuma ya sunkuyar da kai. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Akwai wata Hajiya daga Rigasa, ita maganarta zuba take yi amma ba ta haɗuwa, kuma ba ta cika fahimtar abin da ake faɗa mata ba. Mun gwada hotuna, Baba ya ture su, yana ganin an mai da shi yaro.

Mu raba masu jinya da marasa lafiyan ne? Ita Hajiya fa, zama ɗaya zai yi musu da Baba? Sannan don Allah, wanda ya san ƙwararren mai koyar da magana da yake jin Hausa, a nan Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, ya taimaka mana.