Madarar gwangwani ga jariri ɗan kwana tara, a taimaka min da shawara

Sabuwar Maijego:
Salamu alaikum 'yan uwa. Haihuwar fari ce, aiki aka min, yau kwana tara amma nonon sai a hankali, yaron ya ja ya ja ya saki ya kama tsala kuka, shi ne likita ya ce a haɗa masa da madarar jarirai. To gwangwanin nan kamar ana zuƙe shi ga tsada. Hajiyar maigidana ta ce in dinga ƙara ruwa ta yi auki, wai ma ta masa kauri, maƙwabciyata kuma ta ce ita madarar shayi ta ba nata. Kaina ya kulle wlh.

Anti Nas:
Wa alaikissalam, barka da arziki, Allah ya raya. Don girman Allah kar ki tsinka ta. In ruwa ya yi yawa cikinsa zai cika amma ba abinci a ciki, sai ki ga yaro na ramewa, kuma ruwan kansa illa ne ga jariri. Yawancin madarar jarirai cokali ɗaya ne a ruwa mililita (ml) 30, amma ki duba jikin gwangwaninki, ki yi da cokalin da ya zo a ciki, a shafe ba tozo ba. Ruwa ake fara zubawa a fida sannan gari. Madarar shayi kuwa sai ya shekara, ƙodarsa ba za ta ɗauka ba. Madarar jarirai mai lamba 1 a jikin gwangwani ce tasa har wata shida.

Maman 'Yan Biyu:
Ni inda na sha wuya ruwa ne. Ko fiya wata ne sai kin tafasa, kuma da zafinsa ake haɗawa, kar ya haura minti 30 da saukewa, don garin madarar ma yana iya zuwa da ƙwayar cuta. Sai ki tsoma fidar a ruwan sanyi, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji. Ragowa kuma zubarwa ake in ta kai awa biyu, na san da ciwo, ni har ƙwalla na taɓa yi a kan rabin fida, amma da zafin garin nan ga ba wuta ga firij ya zama kabad, gudawa ta fi madarar tsada. Ki dinga haɗa kaɗan kaɗan. Fidar a wanke da burushi a tafasa, har kan robar.

Anti Nas:
Na manta, ki fara sa shi a nono kafin fida ko da daddare ne, tsotson ne ke kawo ruwan. Kar a kwantar da shi a tokare masa fida da filo, a hannu ake ba shi, in ya gama ki saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa. In yana jiƙa famfas kamar shida a rana to yana samu.

Sabuwar Maijego:
Na gode Allah ya saka. Saura Hajiya, da wane baki zan ce mata a'a?

Maman 'Yan Biyu:
Ke kam ki yi shiru, ɗanta zai faɗa mata. Ranar awo ku tafi da ita ta ji daga bakin nas.