Neman shawara: lissafin kuɗin awa da kamasho ya gagare ni

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin rubuta jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, domin lissafi ne kaɗai ya tare mini hanyar jami'a, D7 nake da ita alhali sai da aƙalla C6 ake karɓar mutum. Da rana ina tsaron shagon yayana, sai bayan isha'i nake samun damar buɗe littafi, kuma malamin da yake yi mini darasi ya koma garinsu tun farkon damina, kuɗin wata guda da na biya shi ma bai cinye ba. Ga tambayar da ta tsaya mini, na mayar da ita Hausa: wata ma'aikaciyar kanti ana biyan ta naira 500 a kowace awa, tana aikin awa 8 a rana, kwana 6 a mako, sannan ana ba ta kamashon kashi 5 cikin 100 na ciniki. A wani mako ta karɓi naira 39,000, sai aka ce cinikin nawa ta yi. Na nemi kuɗin da kashi 5 cikin 100 ɗinsa zai ba da 39,000, na samu 780,000, amma a bayan littafin an rubuta 400,000. Shin littafin ne ya yi kure, ko kuwa in bar irin waɗannan tambayoyi gaba ɗaya?

Tsohon ɗan talla: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai da littafin duk kun kauce. Awa 8 sau kwana 6 awa 48 ke nan, sau naira 500 ya zama 24,000, kuma wannan haƙƙinta ne ko da ba ta sayar da allura ba. Ka cire shi daga 39,000, saura 15,000, shi ne kamashon. Kashi 5 cikin 100 ɗaya bisa 20 ne, saboda haka 15,000 sau 20, cinikinta 300,000 ne cif. Na daɗe ina cin abinci da kamasho a wani kamfanin sabulu, inda duk ƙarshen wata sai an zaftare mana da sunan kayan da aka dawo da su, saboda haka babu mai koya mini wannan lissafi. Ka soke amsar littafin da biro.

Wata malamar lissafi: Malam, kada ka soke komai tukuna. Ka fara gwada amsarka: kashi 5 cikin 100 na 780,000 shi ne 39,000 daidai, wato ka mayar da dukan kuɗinta kamasho, ka bar ta ta yi awa 48 a tsaye kyauta. Hanyar da Alhaji tsohon ɗan talla ya bi daidai ce a kan abin da ka rubuto mana. Sai dai tazarar da ke tsakanin 300,000 da 400,000 ta yi tsaf da yawa a ce kuskuren maɗaba'a ce, don haka ina roƙon ka sake duba tambayar, ko akwai jimlar da ba ka kawo ba.

Mai tambaya: Na gode Malama. Akwai wurin da aka ce kamashon yana kan cinikin da ya haura naira 100,000, amma na bar shi ne da gangan, tunda kowa ya ga cinikinta ya wuce haka nesa ba kusa ba. Kuma ni har yanzu ina ganin tunda an ce 39,000 ta karɓa, daga kansa ya kamata a fara.

Wata malamar lissafi: To ai wannan jimlar ita ce rabin tambayar. Naira 100,000 ta farko ba ta da kamasho, saboda haka 15,000 ɗin kashi 5 cikin 100 ne na abin da ya hau kanta kawai. Idan ka kira cinikin x, sai ka rubuta 24,000 + 0.05(x − 100,000) = 39,000, wanda zai ba ka x − 100,000 = 300,000, wato x = 400,000. Ka riƙa rubuta kowane mataki, domin masu duba takardar WAEC suna ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuɓuce.

Tsohon ɗan talla: Malama, da girmamawa, wannan fassararki ce. Inda na yi aiki, da zarar ka haura adadin da aka yanka maka, a kan dukan cinikin ake lissafa kamasho, kuma da wannan fahimta amsata ta 300,000 tana nan daram. Masu rubuta littattafan nan ba su taɓa zama a bayan kanta ba.

Wani mai ɗinki: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne kantin da ke biyan kuɗin awa. Naira 24,000 a mako ya kai 96,000 a mako huɗu, ya ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, alhali 'yata tana tsaron kanti daga safe zuwa magariba ba ta ganin rabin haka. Shawarata ka tsallake irin wannan tambaya, ka ƙarfafa inda ka fi iyawa.

Wata malamar lissafi: Tsallakewa ba za ta fisshe shi ba, domin lissafin kashi cikin ɗari shi ne dai a riba da faɗuwa da rangwame da kuɗin ruwa. Malam, ka turo mana hoton shafin mu ga ainihin yadda aka rubuta jimlar, shi zai raba gardamar nan.

Mai tambaya: Littafin na aro ne kuma mai shi ya karɓe ɗazu. Hanyar x ɗin nan tana cin lokaci, ni kuma da kalkuleta na saba, saboda haka zan riƙe ta Alhaji, in ya so in ƙara 100,000 a duk inda na ga an ambace ta.

Tsohon ɗan talla: Ban ce ka ƙara komai ba, ƙanena. Amsa 300,000 ce.