Taƙaitawa: Fitilar Gargaɗin Ƙonewar Ƙwan Fitila a Tsofaffin Motoci

Abin da masu gyaran wutar mota na Garwa da Marwa a Kamaru suka faɗa:

1. A irin su Volvo 240, wayar ƙwan dama da ta hagu an naɗe su a kan makunnin maganaɗisu, kowace ta fuskar da ta saɓa wa ta ɗayar. Idan wutarsu ɗaya, ƙarfinsu ya soke juna. Idan ƙwai ɗaya ya ƙone, maganaɗisun ya ja makunnin ya haɗa wuta, gargaɗi ya kama.

2. An yarda: a canja biyun tare, ƙarfi ɗaya, wat 21 na birki, wat 5 na baya.

3. Ƙwai lafiya amma gargaɗi na ci? Duba tsatsa da ƙurar hunturu a mazauninsa, da wayar da ta haɗa fitilar da ƙarfen jikin mota.

4. Kan ƙwan LED aka rabu: wasu sun ce a ƙara rizisto (ƙaramin abu mai cin wutar lantarki ya mai da ita zafi), wasu suka ƙi saboda zafinsa yana narkar da roba.