In shiga neman kwangilar gwamnati, ko in ƙara kaya a shago?

Ɗan Wuse: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan ofis a kasuwar Wuse, takarda, tawadar firinta da kujeru. Rajistata ta sunan kasuwanci ce kawai, ba kamfani ba. Na ga tallar wata hukumar tarayya a jarida tana neman masu kawo irin kayana, saura mako uku a rufe. Ina da dubu 800 a ajiye. In haɗa takardun neman kwangilar da su, ko in ƙara jari? Waɗanda suka taɓa yi nake son ji.

Abban Sadik: Kwangilar titi ce mai kuɗi. Nemi hayar gireda.

Hajiyar Kubwa: Kayan ofis ya ce, Malam. Ƙanena, fara da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe kamfani. Sai shaidar biyan haraji ta shekara uku, satifiket na PenCom (hukumar fansho), na ITF (asusun horas da ma'aikata), na NSITF (asusun inshorar ma'aikata), da rajista a wurin BPP (hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati). Ga rantsuwar kotu, ga wasiƙar banki. Yawancinsu ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, ko da a Nuwamba ka karɓa. Ni dubu 350 na ba ejan bara ya haɗa min.

Injiniya: Hajiya an yi miki sauƙi, ko dai ba duka aka yi ba. Ni sai da na haura miliyan ɗaya, har da akanta mai duba lissafin kamfani.

Na Gwagwa: Akwai yaron da ke yin duka a dubu 120 cikin kwana biyu.

Hajiyar Kubwa: Na bogi ke nan. Ana tantance su yanzu, a kama ka a hana kamfaninka shiga, ka ja wa kanka kotu.

Baba Mai Haƙuri: Ɗana, takardu ba su ne matsalar ba. Ni na ci kwangilar tebura da kujeru ba tare da na san kowa ba, har walima na yi. Ba a ba ni kafin alƙalami ba, don sai da lamunin banki, bankin kuma ya ce in kawo takardar gida. Na ci bashi da ruwa, na karɓi sauran kayan a hannun wani abokina bisa amana. Na kai kaya, sito ya sa hannu, masu binciken kuɗi suka gani. Daga nan fa sai "ba a saki kuɗi ba". Shekara ta juya, aka ce an tura aikina cikin kasafin baɗi. Fayil ɗina ya ɓace, ya dawo bayan na ba da na goro. Ranar da kuɗin suka shigo an zare haraji, naira ta faɗi, abin da ya rage bai biya bankin ba. Filina na Kuje na sayar. Abokin nan har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a masallaci.

Abban Sadik: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Baba.

Na Gwagwa: Walimar dai an ci, Baba, ba a yi asara duka ba.

Ma'aikaci: Ina aiki a sashen sayayya, bari in gyara wani abu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce idan biya ya wuce kwana 60 ana bin gwamnati kuɗin jinkiri. Kuma a bainar jama'a ake buɗe takardu, kana da damar zama a wurin. Mafi yawan waɗanda muke zubarwa ba farashi ke kayar da su ba: an cusa takardun cancanta da na farashi a ambulan ɗaya, ko satifiket ya mutu, ko an iso bayan an rufe akwatin karɓar takardu. In ka ga an zalunce ka, kana da kwanakin aiki 15 ka rubuta ƙorafi ga shugaban hukumar, in bai gamsar da kai ba ka wuce BPP.

Baba Mai Haƙuri: Ranka ya daɗe, kawo min mutum ɗaya da aka biya kuɗin jinkirin nan. Kai albashinka na shigowa duk wata. Wanda bai taɓa kwana da bashin banki ba ya bar mu mu yi magana.

Ma'aikaci: Baba, wanda ya ci sau ɗaya ya ƙone ma ba shi ne ma'auni ba.

Ɗan Wuse: Na gode. Amma tambayata, sabon kamfani da ba shi da tarihin aiki zai iya cin wannan cikin mako uku?

Hajiyar Kubwa: Ba na zato. Za su nemi shaidar ayyuka irinsa da ka taɓa yi. Wasu da aron kamfani suke farawa, mai kamfanin ya cire kasonsa.

Injiniya: Kada ka soma. Asusun mai kamfani kuɗin ke faɗawa, in ya kashe waya ba ka da hujja. Abin da ya fi ci min rai ma masu sayar da takardar kwangila ne. Yaron babban mutum, bai san kan siminti ba, a ba shi aiki ya sayar maka, kai ka yi da ragowar, in gini ya tsage sunanka ne a bakin mutane.

Na Gwagwa: Mai uwa a gindin murhu ke nan. Wa ke da lambar irin yaran nan? Don wani abokina nake tambaya.

Abban Sadik: Ni an taɓa kawo min irin takardar a wani lambun shaƙatawa a Garki, da hatimi da komai, wai in fara ba da miliyan biyu. Injiniya, yaya ake gane ta gaskiya?