Tun da na sa hoton bakin teku a status, maigida ya daina fita da ni

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Ni 'yar Kano ce, shekarata 23, watanmu goma da aure. Sati biyu da tarewa maigida ya ɗauko ni muka taho Legas, don a nan yake aiki. Muna zaune a Ogba, ofishinsu kuma yana can Victoria Island. Yana idar da sallar asuba yake fita, don in ya ƙara minti ashirin a gida to a kan gadar Third Mainland hantsi zai same shi. Dawowa kuwa sai bayan isha'i, wani lokacin har tara ta gota. Ya yi wanka ya ci abinci, ina cikin ba shi labari zan ji numfashinsa ya canza.

Ni kuma wuni nake ni kaɗai a bene na biyu. A gidanmu mu goma sha ɗaya ne, ban da masu shigowa ɗiban ruwa da yaran maƙwabta. Nan kuwa kafin goma na safe na gama shara da wanke-wanke, na sake goge inda na goge jiya. Sai in tsaya a taga ina leƙen titi ta tsakanin ƙarafuna. Har na san lokacin da mai burodin Agege take wucewa da faranti a ka, na haddace muryar kwandastan da ke kiran Ikeja. Maƙwabtana Yarabawa ne, ba su da matsala. Akwai wata dattijuwa a ƙasa da kullum sai ta yi min magana da yarensu, ni dai murmushi nake in haye sama.

Da can ranar Asabar ce take riƙe ni. Ko ba nisa za mu fita, mu sha iska, mu sayi tsire mu dawo. Wata uku da suka wuce ya kai ni bakin teku a Lekki. Ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Na cire takalmina na riƙe a hannu, ruwa ya zo ya jiƙe min bakin abaya, na yi ihu na gudu, shi kuma yana ta dariya yana ɗaukata hoto. Ya saya min kwakwa aka fasa na sha ruwanta. Da daddare saboda murna na zuba hotuna shida a status.

Ashe ƙanwarsa ta kai wa Hajiyarsu. Washegari Hajiya ta kira shi, ina zaune a gefe ina jin komai. Ta ce ashe daɗi ake ci a Legas, ita kuwa kuɗin maganinta sai an yi ta kira. Gaskiya a watan ya yi jinkirin turawa, amma wallahi ba fitarmu ce ta jawo ba, albashin ne bai shigo da wuri ba.

Tun ranar ko ƙofar gida ba mu sake fita tare ba. In na yi magana ya ce ya gaji, ko ya ce gari ba kuɗi. Bai yi min faɗa ba, ya dai yi shiru, kuma shirun ya fi faɗan ciwo. Yanzu Asabar barci yake har azahar, ni kuma ina taga. Na fara kuka ba dalili, abinci ma ba na jin daɗinsa.

In kira Hajiya in yi mata bayani? Ko in ce ya bar ni in je gida in yi ko wata biyu? Ku ba ni shawara tsakaninku da Allah.

Maman Hanif

Ƙanwata ki yi haƙuri, amma ke kika buɗe ƙofa. Status ai kasuwa ce, kuma kina da lambar dangin miji a waya. Su daga can ba su ga gajiyarsa ba, ba su ga kuɗin hayar Legas ba, teku kawai suka gani da kwakwa. Ki ba shi haƙuri, ki daina sa komai.

Ummu Aiman

Haba Maman Hanif. Laifin me ta yi? Mijinta ne ya kai ta, da halalinsa. Yarinya an raba ta da kowa nata an kawo ta uwa duniya, ta ga teku ta yi murna, shi ke nan ta zama mai laifi? Wadda ta ɗauki hoto ta kai wa tsohuwa ita ba a ga nata ba? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne fa.

Maman Hanif

Ban ce ƙanwar mijin ta kyauta ba. Amma ita ba ta cikin zauren nan, wadda ta tambaya nake ba amsa.

Hajiya Iyan Agege

'Yata, zo nan ki saurara. Shekarata 26 a Agege, kuma da aka kawo ni daga Zariya ban kai shekarunki ba. Lokacin babu wayar hannu, sai dai in wani zai tafi Arewa ka ba shi wasiƙa da goro.

Kar ki kira Hajiya da sunan bayani. Maganar ɗa da uwa ce, kina saka baki za ta koma maganar suruka da matar ɗa, wannan kuwa ba ta mutuwa da wuri. Ki kira ta dai ranar Juma'a ki gaishe ta, ki tambayi jikinta, ki tambaya ko maganin yana mata aiki, ki tsaya a nan. Sannan ki zama ke ce mai tuna wa mijinki. Albashi na shigowa, kafin a sayi ko gishiri, ki ce "a tura na Hajiya." Ba tekun ne ya ɓata mata rai ba. Tsoro take kar an ɗauke mata ɗa. In ta ga tun da kika zo kuɗinta ba ya makara, da bakinta za ta ce ya riƙa fita da ke.

Zuwa gida kuma, je ki, amma ba yanzu ba. Tafiya da fushi a ciki yaji ce ko da an sa mata sunan ganin gida. Ki bari ku daidaita tukuna.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a maganarki. Kin ɗora kwana bakwai a kan Asabar ɗaya. Ko da bai daina fita da ke ba, yini ɗaya ba zai ɗauke kaɗaicin yini shida ba, kuma mutum ɗaya ba zai zame miki uwa da yayye da ƙawaye da maƙwabta ba, balle wanda go-sulo ya gama tatsewa. Mutane kike buƙata, 'yata.

Kuma kina Ogba kina cewa ba ki da kowa? Daga ku zuwa Agege tafiyar Keke Napep ce. Hausawa sun daɗe a nan, fataucin goro da shanu ne ya kawo kakanni, layin dogo kuma ya isa Kano tun 1911 ya ƙara haɗa mu da gida. Muna da Sarkin Hausawa, muna da masallatai, muna da islamiyyun matan aure safe da yamma. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu, fura, babu wanda za ki nema ki rasa. Akwai layin da in kika shiga za ki rantse a Fagge kike. Ki roƙi mijinki ya zo da kansa ya ga islamiyya ɗaya, ya gaisa da malamin, ya sa ki. Kwana uku a sati ya ishe ki. A nan za ki samu waɗanda za su zo miki barka ranar da Allah ya sauke ki lafiya.

Dattijuwar ƙasa kuma, kin yi kuskure. Bayarabe ba abin da yake so kamar gaisuwa. Gobe da safe ki rusuna ki ce mata "E karo ma." Iyakarta ke nan, ina kwana ce. In kin yi waina ko dambu ki zuba a kwano mai murfi ki kai mata. Ranar da ciwo zai kama ki da tsakar rana mijinki yana Island, ba Kano za ki kira ba, ita za ki ƙwanƙwasa wa. Ni wata Iya ce mai sayar da gari ta riƙe ni a naƙudar fari, har yau 'ya'yanta Anti suke ce min.

Maman Twins

Allah ya kawo rabo kawai. Kina haihuwa duk wannan kaɗaicin zai wuce.

Ummu Aiman

Amin, amma jariri ba maganin kaɗaici ba ne. Na yi jego a Fatakwal ba mai dafa min ko ruwan wanka, na san abin da na gani. Gara ta samu mutane tun kafin lokacin. Kuma 'yar'uwa, kukan nan da rashin cin abinci, in ya wuce sati biyu bai sauka ba ki faɗa wa mijinki ku je ku ga likita. Ba abin kunya ba ne.

Abban Sultan

A yi min afuwa in sa baki, ni namiji ne kuma hanyar da mijinki yake bi ita na bi shekara biyar, daga Iju zuwa Marina.

Gajiyar gaskiya ce, kar ki ɗauke ta ƙarya. Gadar nan kaɗai ta kusa kilomita 12, kuma akwai ranar da za ka yi awa biyu ba ka sauka daga kanta ba. Wanda ya yi wannan kwana biyar, in aka ce masa ranar Asabar ya sake ɗaukar hanyar Lekki, ji yake kamar an ce ya koma ofis.

Amma ba gajiya ce ta sa ya yi shiru ba. Kunya ce. Mahaifiyarsa ta ce ya fifita yawo a kan maganinta, kuma a gaban amaryarsa aka faɗa. Namiji ba zai zauna ya ce miki "maganar nan ta soke ni" ba, sai dai ya janye daga abin da ya jawo ta. In kina cewa "ka daina fita da ni," ƙara yake ji an kai shi kotu ta biyu. Ki samu lokacin da ya ci ya huta, ba daren aiki ba, ki ce kin san hotunan sun jawo masa magana kuma ba ki so haka ba. Daga nan ki nemi abu ƙarami mai suna, kar ki ce "mu fita" kawai.

Misali filin shaƙatawa na Ndubuisi Kanu da ke Alausa, kusa da ku ne, ba sai an hau gada ba. Ki yi abincinki a gida ku tafi da tabarma bayan la'asar. Ko jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja har zuwa Oyingbo, da katin Cowry ake shiga, irin na motocin bas na BRT. Mutumin da ya gaji da tuƙi, zama a jirgi yana kallon motoci sun cushe a titi shi kansa hutu ne.

In kuma kina son inda ba mai cewa yawon banza ne, ki ce ya kai ki gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan, baƙar Marsandi, da hujojin harsashi a jikinta. Ke da kika tashi kina jin Asibitin Murtala da Gidan Murtala, ki je ki tsaya a gabanta. Na kai mahaifina da ya zo duba ni, ya fi minti goma a tsaye bai ce uffan ba. Wannan ko Hajiya aka ba labari, tambaya za ta yi yaya motar take.

Anti Balaraba

Na yarda da Abban Sultan, sai abu ɗaya. Kar duk gyaran ya koma kanta. Shi ma wani babba ya gaya masa cewa amana ya ɗauko. Iyayenta ba su ba shi ita don ya kulle a bene ba. In ba zai iya fita ba, to ya buɗe mata hanyar islamiyya ko koyon sana'a.

In kun shirya kuma, ku tara kuɗi ku hau jirgin Ibadan daga tashar Agege ku sauka a Abekuta. Ku hau dutsen Olumo, ku shiga kasuwar Itoku inda ake sayar da adire, rinin Yarabawa mai kama da na Ƙofar Mata. Ki zaɓo mai duhu mai kyau ki aika wa Hajiya, ki ce ɗanta ne ya saya mata. Hoto kuma ki tura wa Ummanki ita kaɗai.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta komai, wasu har sau uku. Maman Hanif maganarki ta yi min zafi amma na cire dangi daga masu ganin status ɗina.

Jiya Lahadi na yi masa magana yadda Abban Sultan ya ce. Ya daɗe bai amsa ba, can ya ce shi ba da ni yake fushi ba, abin ne ya tsaya masa a rai. Maganar fita bai ce e ba bai ce a'a ba, ya dai tambaye ni wai da gaske motar Murtala tana Onikan, shekararsa huɗu a garin nan bai sani ba. Islamiyya kuwa ya ce sai ya ga wurin da idonsa. Hajiya Iyan Agege, don Allah in ba damuwa zan biyo ki ta akwatin saƙo ki kwatanta mana wadda kika yarda da ita.

Yau da safe na sauka na ce wa dattijuwar nan "E karo ma." Ta ajiye tsintsiya ta rungume ni, ta yi ta zuba magana ban gane ko ɗaya ba. Ɗazu ta aiko jikarta da moi-moi guda huɗu a ganye. Yanzu kwanonta yana hannuna, me ake sakawa a mayar?

Hajiya Iyan Agege

Ki soya mata wainar shinkafa, ki haɗa da miyar taushe, ki sa yaji sosai. Turo min saƙon, ina gida bayan azahar.