Makon ƙarshe kafin wasan kwaikwayon makaranta: ku ba mu labarinku

Malama mai buɗe zance:
Assalamu alaikum jama'a. Bana aka danƙa mini ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sakandaren da nake koyarwa, kuma za mu fito ranar rabon kyaututtuka. Saura mako guda. Yara sun haddace komai, amma in na tsaya a ƙarshen zaure, motsin baki kawai nake gani. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, ɗalibi ko malami, ya taimaka mana da abin da ya gani.

Tsohon ɗan ƙungiya:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ce musu "ku ɗaga murya", ihu za su yi ta yi har murya ta dushe kafin ranar. Malaminmu kwantar da mu yake yi rigingine a kan benci, ya ɗora wa kowa littafi a ciki, ya ce mu ja numfashi sai littafin ya taso. Daga can ƙasa ake turo magana. Sannan ya koma kujerar ƙarshe ya zauna, in bai ji ka ba sai ya ɗaga hannu, ba ya cewa uffan, kai kuma ka maimaita har hannun ya sauka. Ki kuma lura, jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, muryar da ta isa a zaure fayau ba za ta isa ba in ya cika.

Mai tuni a bayan labule:
Ni ban taɓa hawa dandamali ba, aikina tuna wa ɗan wasa zancensa in ya manta, ina zaune a gefen labule da rubutun wasa da 'yar tocila. Malama, wannan "sun haddace" ɗin ki sake gwada shi. Yawancin yara nasu zancen kaɗai suke haddacewa, ba su riƙe kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafin su ba, alhali su ne alamar shigowa. A namu wasan, yaron da ya fito alƙali ya tsallake shafi guda cur, ya yanke hukunci tun shaida bai shigo ba. Shaidan nan yana tsaye kusa da ni, gumi sharkaf, yana tambayata ko ya shiga. Na tura shi. Ya shiga ya ce a yi haƙuri ya makara, 'yan kallo suka kwashe da dariya, sun ɗauka haka aka rubuta. Ki sa mai tuninki ya ja jan layi duk inda aka tsara a yi shiru da gangan, kar ya raɗa wa ɗan wasa magana a tsakiyar shirun. Af, da aka zo rabon kyauta, alƙalin ne ya karɓa. Ko sunana ba a karanta ba.

Wanda ya yi makarantar maza zalla:
Ni uwa na fito, kuma na sha tsokana a aji. Malamin adabi ne ya kashe bakin 'yan tsokanar da ya faɗa musu cewa a Ingila, kafin 1660, samari ne ke fitowa a matsayin mata a gidajen wasa. Ki sa su gwada wasan da cikakkun kayansu tun da wuri, don doguwar riga tana canza tafiyar mutum. Kuma in an yi dariya su dakata ta lafa, in ba haka ba zancen da ke biye ya tafi a banza.

Wani uba:
Malama, a yi mini afuwa, ni ta wani gefen zan zo. 'Yata kullum sai ta wuce lokacin tashi da sunan gwaji, ga jarrabawa a gaba, har na yi niyyar cire ta. Ban cire ta ba, kuma yarinyar da ko baƙo ba ta iya gaisarwa da ƙarfi yanzu ita ke wakiltar ajinsu a muhawara. Duk da haka ina nan kan bakata: ku sa lokacin tashi, ku cika shi. Ba wasan muke ƙi ba, rashin sanin yaushe yaro zai dawo ne ke tayar mana da hankali.

Malamin da ya daɗe a harkar:
Gaskiyarka, Baba, gwajin da ya wuce awa biyu gajiya kawai yake ƙarawa. Malama, a gwajin ƙarshe ki ɗaure kada ki tsayar da su ko da sun yi kuskure, su koyi fitar da kansu. Manyan 'yan wasa kowa ya samu madadi, don mura ba ta duba ranar biki. Ki ajiye ruwa a bayan labule, fargaba tana busar da baki. 'Yar uwa mai tuni kuma tana da gaskiya, a karanto sunayen masu labule da fitila da kaya. Baɗi ki roƙi shugaban makaranta ya ware wa wasan ranarsa daban, ko da 27 ga Maris ce, Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya da ake yi tun 1962. Ranar rabon kyaututtuka jawabai ke cinye ta, kafin a zo kanku rabin iyaye sun fara neman ƙofa.